Kyanwa da Rufaffen Ƙyaure: Dalilan Kuka da Yakushi a Bakin Ƙofa

1.0 Gabatarwa

Masu kiwon kyanwa a gidajen zamani sun san wata ɗabi'a tata da ke ɗaure musu kai. Da zarar an rufe ɗaki, sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, tana kartar ƙyaure da farata, tana zura dagi ta ƙarƙashinsa. Idan an gaji an buɗe mata, sau da yawa ba ta shiga. Takan leƙa, ta sansana, ta zauna a dokin ƙofa, ko ma ta juya ta yi tafiyarta. In kuwa ta shiga aka sake rufewa, ba da jimawa ba sai ta fara kukan fita. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin rainin wayo, wasu kuma su ce taurin kai ne. Fassarar da mai gida ya yi wa ɗabi'ar ita ce ke yanke abin da zai sami kyanwar: wani ya yi haƙuri da ita, wani ya riƙa dukanta, wani ya sa ta a buhu ya kai ta nesa ya yar.

Wannan takarda za ta yi bayanin dalilan wannan ɗabi'a bisa ga abin da masana halayyar dabbobi suka gano. Za a nuna cewa babbar buƙatar kyanwa ita ce hanya ta kasance a buɗe, ko da ba za ta bi ta a lokacin ba. Kuka da yakushi kuwa dabaru ne da take koya daga yadda mutanen gida suke amsa mata. Kafin nan, za a fara da wasu kalmomi da ɗalibi zai ci karo da su.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

2.1 Sunayen Kyanwa

A Daidaitacciyar Hausa ana cewa kyanwa (jam'i: kyanwoyi) ko mage (jam'i: maguna). Namijinta shi ne muzuru. A wasu kare-karen harshen, musamman na yamma da na ƙasar Nijar, akan ji mussa, a wasu wuraren kuma kuliya. Dagi shi ne tafin ƙafarta, farata kuma su ne makaman da take yakushi da su. Daga nan aka sami maganar nan ta "kyanwar Lami", wadda ba ta cizo ba ta yakushi, wato mutumin da ba a jin tsoronsa.

2.2 Ƙofa da Ƙyaure

A maganar yau da kullum akan ce "rufe ƙofa", amma Hausa ta bambanta abubuwa biyu. Ƙofa ita ce kafar da aka bari a jikin bango don shiga da fita. Ƙyaure (jam'i: ƙyamare) shi ne abin da ake rufe kafar da shi, na katako ne ko na ƙarfe ko na kwano. Shi ya sa har yau ake kiran Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa a Kano ƙofofi, ko da yake ba a rufe su. Dokin ƙofa kuwa shi ne ɗan tudun da ake tsallakewa wajen shiga ɗaki. Wannan bambanci yana da amfani a nan, domin kyanwa abokiyar ƙofa ce, da ƙyaure take rigima.

A gidan Bahaushe na gargajiya rigimar ba ta cika tasowa ba. Da rana ɗakuna a buɗe suke, sai labule ko asabari ko tufaniya, waɗanda kyanwa ke iya ratsawa ta gefe. Idan an rufe zaure da dare, takan haura katanga ko ta bi ta rariya. Matsalar ta fi bayyana a gidajen siminti da gidajen sama na birane, inda ƙyaure ke rufuwa ruf, tagogi kuma an sa musu raga saboda sauro. Haka abin yake a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, inda kyanwoyi da yawa ke rayuwa a cikin ɗakuna, kuma a can ne aka yi yawancin binciken da za a ambata.

3.0 Asalin Kyanwa da Halinta na Gado

Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda masana ke kira Felis lybica. A shekarar 2007, Carlos Driscoll da abokan aikinsa sun buga sakamakon nazarin ƙwayoyin halittar kyanwoyi 979 na gida da na daji, wanda ya tabbatar da wannan dangantaka. Kafin nan, a shekarar 2004, masu tonon kayan tarihi na ƙasar Faransa sun ba da rahoton wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne kyanwa kusa da mutum. Masana na ganin cewa rumbunan manoman farko ne suka jawo ɓeraye, ɓeraye kuma suka jawo kyanwar daji kusa da ɗan'adam.

Abubuwa uku na rayuwar kyanwar daji suna da alaƙa da batun ƙyaure. Na farko, ita kaɗai take farauta, ba a garke ba kamar kyarkecin da kare ya samo asali daga gare shi. Saboda haka cinta da tsirarta sun dogara ne ga sanin da ta yi wa yankinta: inda ɓera ke bi, inda ruwa yake, inda za ta ɓuya. Na biyu, duk da cewa mafarauciya ce, ƙaramar dabba ce da manyan namun daji da manyan tsuntsaye ke iya kamawa, don haka kullum tana lura da hanyar gudu. Na uku, ta fi kai-kawo da asuba da kuma almuru. Kyanwar gida ta gaji waɗannan halaye, domin mutane ba su sarrafa irinta ba kamar yadda suka sarrafa irin karnuka da shanu da dawaki.

4.0 Dalilan Damuwar Kyanwa da Rufaffen Ƙyaure

4.1 Yanki da Sintiri

Mai gida yana ganin gidansa a rarrabe: ga ɗakin kwana, ga falo, ga madafa, ga banɗaki. A wurin kyanwa duk wannan yanki ɗaya ne, kuma nata ne. Tana da hanyoyin da take bi ta zagaya shi sau da yawa a rana, tana duba ko wani abu ya sake. Masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Jamus, Paul Leyhausen, ya bayyana tun cikin shekarun 1960 cewa yankin kyanwa ya ƙunshi wasu wurare ne da ta fi so, waɗanda hanyoyi suka haɗa, kuma kyanwoyi maƙwabta kan bi hanya ɗaya a lokuta dabam-dabam don kauce wa faɗa.

Yankin ba shi da faɗi sosai. A shekarar 2020, Roland Kays da abokan aikinsa sun buga sakamakon wani bincike da aka rataya wa kyanwoyin gida 925 na ƙasashe shida ƙaramar na'urar bin sawu. An gano cewa matsakaicin yankin da suke yawo a ciki hekta 3.6 ne, wato kamar filin ƙwallo biyar, kuma yawancinsu ba su cika yin nisa da gidajensu ba. Idan wadda ke fita waje ke nan, to wadda aka tsare a gida mai ɗaki uku, rufe ɗaki ɗaya ya ɗebe mata babban kaso na duniyarta.

Kyanwa tana yi wa yankinta alama da wari wanda hancin mutum ba ya ji. A kumatunta da haɓarta da goshinta da tsakanin yatsunta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a ƙarƙashin fata masu fitar da wani maiƙo. Idan ta goga fuska a ƙafar kujera ko gefen ƙofa, ko ta karci wani abu, wannan maiƙo take bari. Warin yakan dusashe da kwanaki, saboda haka dole ta riƙa komawa tana sabunta shi. Wurin da ke ɗauke da warinta shi ne wurin da hankalinta ke kwanciya. Ke nan idan an rufe ɗaki, an hana ta duba wani sashe na yankinta, an kuma hana ta sabunta alamarta a can. Wannan hali na zagaye ba baƙo ba ne ga Hausawa masu karatun fiƙihu, domin a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ya nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, kuma an siffanta ta da cewa tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida.

4.2 Abin da Kunne da Hanci Ke Kawowa

Ƙyaure yana tare ido, amma ba ya tare sauti da wari. Kunnen mutum mai lafiya yana jin sautin da girgizarsa ta kai sau 20,000 a daƙiƙa. Kunnen kyanwa kuwa yana jin wanda ya kai sau 64,000, har ma fiye, shi ya sa take jin siririn kukan ɓera da mutum ba ya ji. Tana iya juya kowane kunne shi kaɗai don gano inda sauti ke fitowa. Bugu da ƙari, ban da hanci, tana da wata kafar sansana a ganɗarta. Idan aka ga ta ɗan buɗe baki ta tsaya cik bayan ta sansana wani abu, da wannan kafa take aiki. Iskar da ke bi ta ƙarƙashin ƙyaure tana kawo mata labarin abinci da ruwa da mutum, shi ya sa takan sa hanci a daidai wurin.

Haka kuma, kyanwa ta san cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan. A shekarar 2021, Saho Takagi ta Jami'ar Kyoto a ƙasar Japan, tare da abokan aikinta, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da kyanwoyi 50. Sun ajiye lasifika ɗaya a wajen ɗakin da kyanwa take, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa da na farko. Aka sa muryar mai kyanwar yana kiran sunanta daga lasifika ta farko, sannan bayan 'yan daƙiƙoƙi aka sa muryar daga ta biyu, kamar mutumin ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri. Kyanwoyin sun nuna alamun mamaki a wannan yanayi fiye da sauran yanayoyin da aka gwada. Masu binciken sun fahimci cewa kyanwa tana riƙe da inda mai ita yake a ƙwaƙwalwarta ko da ba ta ganinsa. Saboda haka wadda ke bayan ƙyaure ta san wanda ke ciki, tana jin motsinsa, sai dai ba ta da halin zuwa ta gani.

4.3 Shaƙuwa da Mutum

An daɗe ana cewa kyanwa gida take so, ba mai gida ba. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa maganar ba ta cika ba. A shekarar 2017, Kristyn Vitale da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun ba kyanwoyi zaɓi tsakanin abinci da abin wasa da ƙamshi da hulɗa da mutum. Rabin waɗanda suka kai matakin ƙarshe na gwajin sun fifita hulɗa da mutum, kashi 37 cikin 100 kuma suka fifita abinci.

A shekarar 2019 sun sake yin wani gwajin irin wanda ake yi wa jarirai. Akan shigar da kyanwa baƙon ɗaki tare da mai ita na minti biyu, a bar ta ita kaɗai na minti biyu, sannan mai ita ya dawo na minti biyu. Kusan kashi 65 cikin 100 na kyanwoyin sun sami natsuwa da dawowarsa, suka ci gaba da duba ɗakin suna komowa wurinsa lokaci-lokaci. Wannan adadi ya yi kusa da wanda ake samu a tsakanin jarirai da iyayensu. Ke nan mutum ma wani ɓangare ne na abin da ke kwantar wa kyanwa hankali. Wannan ne ya sa ƙyamare biyu suka fi shan yakushi, wato na ɗakin kwana da na banɗaki. Ɗakin kwana shi ya fi ɗauke da warin mai gida, kuma a can yake daɗewa. Banɗaki kuwa mutum kan shiga ya rufe alhali kyanwa na biye da shi, ga ƙarar ruwa tana jan hankalinta.

4.4 Dalilin Tsayawa a Dokin Ƙofa

Saura tambayar da ta fi ɗaure kai: me ya sa idan an buɗe ba ta shiga? Amsar tana cikin abin da aka faɗa a sashe na 3.0. Dabbar da ke farauta kuma ake farautarta ba ta afka wa wuri sai ta duba. Dokin ƙofa shi ne inda take iya ganin ɓangarorin biyu, ta sansana iskar ciki, ta kuma tabbata cewa hanyar komawa tana nan. Idan ta leƙa ta ga ba abin da ya sake, buƙatarta ta biya, ba sai ta shiga ba. Idan kuma ta shiga aka rufe, matsalar tana nan yadda take, sai dai ta sake gefe: yanzu sauran gidan ne aka raba ta da shi, tare da kwanon abincinta da ruwanta da wurin bayan-gidanta.

Masana kula da lafiyar dabbobi sun yarda cewa samun zaɓi yana rage wa dabba damuwa, ko da ba ta yi amfani da zaɓin ba. Haka mutum ma yake. Wanda ya wuni a ɗakinsa don ganin dama ba ya jin komai, amma da zai ji an sa wa ƙyauren kwaɗo ta waje, nan take zama zai gagare shi.

5.0 Yadda Ɗabi'ar Ke Kafuwa

Dalilan da aka kawo sun bayyana abin da ke kai kyanwa bakin ƙofa. Ba su bayyana abin da ya sa wata ke kuka minti ɗaya ta haƙura, wata kuma ta kwana tana yi ba. Wannan bambanci na koyo ne.

A shekarar 1898, Edward Thorndike na Jami'ar Kolumbiya a Amurka ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da kyanwoyi da rufaffun akwatuna. Yakan sa kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati mai ɗan ƙyaure, ya ajiye abinci a waje inda take gani. Ƙyauren ba ya buɗuwa sai an ja wani zare ko an taka wani ɗan katako. Da farko kyanwa takan yi ta yakushi da cizo da zura dagi ta kowace kafa, har ta taɓa abin da ke buɗewa bisa tsautsayi. Da aka yi ta maimaitawa, sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa daga mintuna zuwa 'yan daƙiƙoƙi. Thorndike ya fitar da ƙa'ida cewa duk aikin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta ƙara yinsa. A gidan yau, mai gida shi ne zaren da ake ja. Kyanwa ta yi kuka, ya tashi ya buɗe, ta koyi cewa kuka na buɗe ƙyaure. Wasu kyanwoyin ma kan koyi tsalle su danna mariƙin ƙyaure su buɗe da kansu.

Shi kansa kukan, domin mutum aka fi yinsa. 'Ya'yan kyanwa kan yi wa uwarsu kuka, amma manyan kyanwoyi ba su cika yi wa juna irin wannan kuka ba, sun fi sadarwa da wari da motsin jiki. A shekarar 2004, Nicholas Nicastro na Jami'ar Cornell ya kwatanta kukan kyanwar gida da na kyanwar daji ta Afirka, ya ga na gida ya fi gajarta da siranta, kuma mutanen da aka sa wa sun ce ya fi daɗin ji. A shekarar 2009 kuma, Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta gano cewa idan wasu kyanwoyi na neman abinci, sukan cusa wani siririn sauti a cikin ɗan gurnanin nan mai taushi da suke yi a maƙogwaro. Sautin ya yi kusa da na kukan jariri, kuma mutane kan ji shi a matsayin abin gaggawa. Kyanwa tana da muryar da ke da wuyar sharewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amsawa wani lokaci, a ƙi amsawa wani lokaci. B. F. Skinner da Charles Ferster sun nuna a littafinsu na shekarar 1957 cewa ɗabi'ar da ake saka wa jefi-jefi ta fi wuyar bari a kan wadda ake saka wa kullum. Haka ɗan caca yake, cin da yake yi jefi-jefi shi ke hana shi tashi. Mai gidan da ya daure minti ashirin sannan ya buɗe ya koya wa kyanwarsa cewa kukan minti ashirin ne ke aiki. Tsawa ma amsa ce, domin ta sa mutum ya yi magana. Sannan idan aka daina amsawa gaba ɗaya, kukan yakan ƙaru kafin ya ragu, kamar mai sallama a zaure wanda idan bai ji an amsa ba yakan ɗaga murya kafin ya haƙura ya tafi. A daidai wannan gaɓa ce mutane da yawa kan karaya su buɗe.

6.0 Lokacin da Kukan Ke Nuna Wata Matsala

Ba kowane kuka a bakin ƙofa ne na sintiri ko na sabo ba. Macen da ba a yi wa aikin hana haihuwa ba takan yi dogon kuka mai ƙarfi idan lokacin barbara ya zo, tana birgima tana neman fita, kuma yanayin kan dawo bayan mako biyu zuwa uku idan ba ta ɗauki ciki ba. Muzurun da ba a fiɗiye ba shi ma yakan nemi fita, yana fesa fitsari a jikin bango. Tsohuwar kyanwa da ta fara kukan dare alhali da ba ta yi, tana iya kasancewa da hawan jini ko kurumta ko ruɗewar tsufa ko ciwon ƙwayar wuya da likitoci ke kira tayirod. Muzurun da ke kuka yana yunƙurin fitsari ba ya fita yana cikin haɗari, domin toshewar mafitsara na iya kashe shi cikin 'yan kwanaki kaɗan, sai a gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi.

Akwai kuma kyanwoyin da rabuwa da mai su ke jefa su cikin damuwa mai tsanani. A wani bincike da aka buga a shekarar 2020 a ƙasar Birazil, an tambayi masu kiwo game da kyanwoyi 223, aka sami 30 daga ciki, wato kashi 13.5 cikin 100, da ke nuna alamun wannan matsala, kamar ɓarna da yawan kuka da fitsari a inda bai dace ba idan an bar su su kaɗai.

7.0 Hanyoyin Magance Matsalar

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar ƙyaure a ɗan buɗe, a tokare shi da wani abu don kada iska ta rufe shi. Turawa sun daɗe da wata dabarar, wato huda ƙaramar kafa a ƙasan ƙyaure, wadda Faransawa ke kira chatière. A babbar majami'ar Exeter a Ingila akwai wani tsohon ƙyaure mai irin wannan kafa a ƙarƙashin agogon majami'ar, kuma littattafan kuɗinta na ƙarni na 14 da na 15 sun nuna ana ware kuɗi don ciyar da kyanwa. Aikin da rariya ke yi wa kyanwa a gidan Bahaushe ke nan.

Idan akwai ɗakin da dole a rufe, kamar ɗakin jariri ko madafa ko ɗakin ajiyar magani, ya fi kyau ya zama a rufe kullum tun ranar da kyanwa ta zo gidan. Ɗakin da ba ta taɓa sa shi cikin sintirinta ba bai cika damunta ba. Kafin a rufe ta a wani ɓangare, a tabbata akwai ruwa da abinci da akwatin yashi da wurin kwanciya a wannan ɓangaren. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu.

Game da kukan dare, masana sukan ba da shawarar a yi wasa da kyanwa da yamma, a ja mata zare ko gashin tsuntsu ta yi ta kamawa har ta gaji, sannan a ba ta abinci, domin a ɗabi'arta barci ne ke biyo bayan farauta da ci. Idan an yanke shawarar daina buɗewa, sai kowa a gidan ya bi, kuma a daure wa ƙaruwar kukan ta kwanakin farko. In za a buɗe, a buɗe lokacin da ta yi shiru. Duka da watsa ruwa ba su cire dalilin da ya kawo ta bakin ƙofa. Abin da sukan koya mata shi ne tsoron mai gida, wanda ke ƙara mata damuwa.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa damuwar kyanwa da rufaffen ƙyaure ta samo asali ne daga halin da ta gada daga kyanwar daji: sintiri a yanki, sabunta alamar wari, da lura da hanyar gudu. Ƙarfin jinta da sansanarta da kuma shaƙuwarta da mutum suna ƙara mata son sanin abin da ke bayan ƙyaure. An kuma ga cewa tsawon kukan da yawansa sun dogara ga yadda mutanen gida suke amsawa. Mai kiwon da ya fahimci haka zai iya bambanta kukan sabo da kukan ciwo, ya kuma zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya bar mata hanya a buɗe, ko ya rufe ya tsaya a kan rufewar.

Aikin Ɗalibi

1. Bayyana bambancin ƙofa da ƙyaure, sannan a yi jimla biyu da kowace kalma.
2. Kawo jam'in waɗannan kalmomi: kyanwa, mage, muzuru, ƙyaure, farce.
3. Me ya sa rigimar kyanwa da ƙyaure ba ta cika tasowa a gidan Bahaushe na gargajiya ba?
4. Taƙaita gwajin Thorndike a cikin jimloli biyar, ta amfani da shuɗaɗɗen lokaci.
5. Tsamo jimloli biyar daga sashe na 1.0 da na 5.0 masu ɗauke da lokaci na sabo (takan, yakan, sukan, akan), a mayar da su korarru.